Macijin Ruwa da Robar Taya

A shekarar da aka sauya takardun kuɗi, mutane suna wuni a bakin banki a Kontagora su koma hannu wofi, a ranin nan na rasa yatsu uku na hannun dama.

Ina noman rani a wata fadama ta hanyar Kaboji. Maƙwabcin gonata Bakambare ne, Kirista, injin ban ruwa ɗaya muke amfani da shi. Wata la'asar na sa hannu a rafi in cire ciyawar da ta toshe bakin tiyo, sai wani siririn maciji ya cije ni. Zafin bai wuce na ƙaya ba.

Maƙwabcin ya sheƙo, ya kashe shi da fartanya, ya yanko robar taya ya ɗaure mini wuyan hannu tamau.

Na ce, "Sassauta, bawan Allah, hannun ya fara sanyi."

Ya ce, "Malam, ƙyale ni. In dafi ya hau zuciya, me zan gaya wa iyalinka?"

Haka aka saba a wajenmu, ba a kwance ɗauri sai a gaban mai magani. Mota kuwa babu wadda za ta ɗauke mu ba tsabar kuɗi. Sai washegari muka isa asibiti, da macijin a leda. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙa ledar, ta dubi hannuna da ya yi baƙi.

"Baba, wannan ai macijin ruwa ne, kwaɗi yake ci, ba ya kisa. Wa ya ɗaure ka haka?"

Maƙwabcina ya sunkuyar da kai.

Ɗaurin ya riga ya kashe yatsu uku, dole aka yanke su. Da hannun nan na koyi ajami, da shi nake rubuta wa mutane addu'a. Yanzu alƙalami zamewa yake. Na yarda da ƙaddara, amma na daina yi wa maƙwabcin magana, sai gaisuwa.

Tun daga nan, kowane rani sai ya gama gyara kwamin albasata kafin ya taɓa nasa. Ban roƙe shi ba, ban gode masa ba. Bana na tarar da shi a duƙe cikin albasata, tasa tana bushewa, furfura ta cika masa kai.

Na ce, "Tashi ka ba taka ruwa. Ka biya."

Ya ce, "Hannun fa, Malam?"

"Hannun ba zai dawo ba. Tashi dai."