Ranar da Aka Yanke Kan Matar Marmara

A shekarar korona, da aka buɗe hanyar jirgi, ƙanin mahaifiyata ya sauka Dubai neman kayan gini. Gida yake ginawa a Kano, kuma ya rantse sai ya kafa masa ginshiƙai irin na Rumawa, masu tsaga-tsaga a jiki da ganye a ka, don ya gani a gidan wani abokin kasuwancinsa abin ya tsaya masa a rai. Ni ina aiki a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, a Deira, ina ɗan taɓa Larabci, saboda haka na zama tafinta. Kawu ba ya roƙo, sanarwa yake yi.

Muka je wata ma'aikatar marmara a Al Quoz. Mai wurin dattijo ne ɗan Siriya, girarsa fari fat da ƙurar dutse. Aiki ya tsaya masa cak tun kullen gari, ya sallami ma'aikatansa, yana karyar da abin da ya rage zai bar ƙasar. Kawu ya bi ginshiƙan yana ƙwanƙwasa su da zobe kamar mai zaɓen kankana, ya ware waɗanda yake so.

Sai idonsa ya faɗa kan wani abu a lungu. Mace ce ta marmara, tsayin mutum, ta yafa mayafi tana riƙe da tulu. Naɗe-naɗen mayafin nan, wallahi sai ka ji kamar ka sa hannu ka gyara mata. Dattijon ya ce ba inji ne ya yi ta ba. A garinsu akwai kangon birnin Rumawa, da titi mai jerin ginshiƙai, da dandalin wasa mai matakala, a can suke kiwon awaki suna yara. Irin wannan matar ya taso yana gani, shi ne ya sassaƙa ta da ka, a hankali, duk ranar da babu aikin mutane. Yaƙi ya ci garin. Bai san ko ta asalin tana nan ba.

"Tambaye shi, ruwa zai iya fita ta tulun?" in ji Kawu.

Dattijon ya ce zai iya.

"Madalla. A tsakar gida zan sa ta. Amma a cire kan."

"Kawu, kan fa?"

"Kai ɗan nan, ina karatun da aka yi maka? Mala'iku ba sa shiga gidan da ke da siffa. In babu kai, ai dutse ne kawai."

Ba mugunta ba ce, haka yake yi wa 'yar tsanar jikokinsa. Har ya ƙara da hujja: duk gumakan Rumawan da yake gani a waya ba su da kai, ashe su ma sun san da maganar.

Na fassara, ina jan kalmomin. Dattijon ya ce a tafi da ita yadda take, in ya so a rufe fuskar da ƙyalle. Kawu ya ce ƙyalle ba ya yaudarar mala'ika. Dattijon ya ce to ba ta sayarwa ba ce, khalas, magana ta ƙare. Muka fito. A mota Kawu ya gyara hularsa ya ce, "Rabu da shi, zai kira."

Ya kira kuwa, washegari. Ya ce mai rumbun da yake haya zai karɓi makullinsa ƙarshen wata, kuma duk dutsen da aka bari injin niƙa za a kai, ya zama tsakuwar kwalta. Ko ta je Kano babu kai, ko ta shiga ƙarƙashin taya.

Kawu yana Al Ras wajen sayen turare, ni ya aika. Na tarar dattijon ya zagaye wuyan da fensir, ya jiƙa shi da ruwa. Akwai wani maƙwabcinsa da ya ce ya kawo ya yanke masa, dattijon ya ƙi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, tallabe ta, kada ta faɗi ƙasa."

Na sa tafin hannu ɗaya a haɓarta, ɗaya a ƙeya. Zartonsa na lantarki ya kama kuka, farin ruwa yana gangarowa cikin hannun rigata. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ga wanda zan ɗora wa laifin ba. Da kan ya rabu da jikin, nauyinsa ya kusa zaunar da ni.

Ya kashe zarton, ya shafe gurbin wuyan da tsumma, ya juya min baya yana wanke hannu a bokiti. Na tambaye shi inda zan ajiye.

"Riƙe abinka," ya ce, bai juyo ba. "Jirgi ba zai ɗaukar min ba, kuma ba ni da gidan da zan kai ta."

Ina nan tsaye da kan nata a hannu har motar kago ta shigo da baya.