Baba Shiru da Muryar da Take Makara

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake buɗe situdiyo, a sana'ar da mutanenta ba su san akwai safiya ba. Kafin ya kunna komai sai ya tuɓe takalmi, ya ɗauki ɗan burushi mai laushi ya bi maɓallan teburin haɗa sauti ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin da muka cukuikuye jiya ya warware su, ya naɗe, ya rataye kowace a ƙusarta. Daga nan ya kashe fanka, ya zauna a tsakiyar ɗakin minti biyar bai ce uffan ba, wai yana jin lafiyar ɗakin. In firjin mai shagon ƙasa ya fara gurnani, Baba zai riga mai firjin sani.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki na ɗaukar murya da haɗa sauti, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye. Mu muka sa masa Baba Shiru, don ita ce kalmar da yake faɗa kafin ya danna ɗauka, a hankali, amma har mai fenti a bene na sama sai ya tsaya. Kun yi rawa da waƙoƙin da suka bi ta hannunsa, kun yi kuka da wasu, amma ba ku taɓa ganin fuskarsa a fosta ba. Ni 'yar amshi ce, shekara goma sha shida ina tsayawa a bayan makirfonsa, kuma yau bakina ba zai yi shiru ba ko da shi ya ce.

Kunnen mutumin nan abin tsoro ne. Ranar da na fara zuwa, mu huɗu muna amshi, ya tsayar da kiɗa ya ce, "Ta biyu daga hagu, cire awarwaro." Ni ce ta biyu daga hagu, kuma awarwaron yana can cikin hannun riga. Wani mai ganga ya sha ba mu labarin yadda Baba ya ce masa fatar gangarsa ba za ta kai yamma ba. Mai gangar ya yi dariya. Kafin la'asar yana zaune yana kallon ɓaraka.

To amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Labarin Yayana ne.

Yaya mawaƙi ne, shekara ashirin da biyu yana ci da iyalinsa da makogwaronsa. Sai ciwon kunne ya kwantar da shi, har aka yi masa aiki, ya yi wata biyar ba ya fita. Ya rame, muryar ma ta sirance. Da ya miƙe, aka kira shi ya rera babbar waƙar wani fim, a wata sabuwar situdiyo mai walƙiya, ta wani mai kiɗa da ake ji da shi. Mutumin kirki ne, kuma gwani, sai dai yana da son tara filogin, wato 'yan manhajojin nan na cikin kwamfuta da ake gyara murya da su. Wannan ya ƙara mata kauri, wannan ya daidaita karkata, wannan ya sa amsa-kuwwa. Don tausayin Yaya ya jera masa guda takwas a kan murya ɗaya.

Aka saki kiɗa, Yaya ya shiga, sai ya makara. Aka sake, ya makara. Mutumin da a da ake saita ganga da muryarsa, yau yana jan ƙafa a bayan kiɗa, yana tuntuɓe da kalmomin da shi ya rubuta. Kwana biyu ana abu ɗaya. A rana ta biyu mai kiɗa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ina jin kunnen ne bai gama dawowa ba. Masu fim sun ce in ba a samu gobe ba, a ba wani."

Yaya bai yi musu ba, kuma wannan ne ya tayar mini da hankali. A mota ya ce mini, "Ƙanwata, na gama. Gobe zan je in ba su haƙuri, in nemi wata sana'ar."

Ban kai shi gida ba, na juya kan mota sai wurin Baba. Ya saurare mu har ƙarshe, ya tambayi Yaya abu ɗaya: "In kana rerawa a banɗaki, kana makara?"

"A banɗaki babu kiɗa, Baba."

"Akwai ɗigar famfo. Ku zo ku ɗauke ni da safe."

Washegari Baba ya shiga situdiyon mutane da wata tsohuwar jaka a kafaɗa. Mai kiɗa ya tashi da sauri ya ba shi kujera a gaban kwamfuta. Baba bai ko kalli kujerar ba. Ya wuce kai tsaye cikin kejin da mawaƙi ke tsayawa, ya rufe ƙofa, ya ɗauki hedifon ɗin Yaya ya sa a kansa, ya ce a saki kiɗa. Ashe haka yake yi duk ranar da mawaƙi ya kasa, ba ya yarda ya yanke hukunci daga kan kujera sai ya tsaya inda mutumin ya tsaya, ya ji abin da yake ji.

Sai Baba ya fara waƙa. Jama'a, Allah ya ba shi kunne amma ya hana shi murya. Na toshe baki da mayafi, mai kiɗa ya duƙa kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Baiti ɗaya ya yi, kuma abin mamaki, shi ma ya makara daidai inda Yaya yake makara. Ya tafa hannu sau uku a gaban makirfo, ya fito.

"Ɗana," ya ce wa mai kiɗa, "ka taɓa sa wannan a kanka?"

"A'a, Baba, ni daga nan nake ji."

"To shiga ka ji. Muryar sai ta bi ta wurin ma'aikatanka takwas, kowa ya sa mata hannu, sannan ta dawo kunnen mai ita. Kafin ta dawo bakinsa ya wuce wurin. Yana jin kansa a baya, sai ya tsaya jiran kansa. Ko lafiyayyen kunne ka ba wannan sai ya yi tuntuɓe."

Mai kiɗa ya shiga, ya ce "ɗaya, biyu," ya fito yana salati. Nan take ya kashe filogin ɗin duka, jinkiri ya tafi. Na ce shi ke nan, an gama. Ashe da saura. Yaya ya buɗe baki, ya ji muryarsa tsirara, siririya, yadda ciwo ya bar ta, sai ya tsaya a tsakiyar layi ya zare hedifon. Ya ce, "Wannan ba ni ba ne, Baba. Ba zan iya jin wannan in ci gaba ba." Na ga idonsa ya kawo ruwa.

A nan ne Baba ya buɗe jakar. Ya fito da wani akwatin ƙarfe da bai fi girman littafi ba, fentinsa duk ya goge. Irin akwatin nan ne mai ƙwaƙwalwar kansa, wanda filogin ke aiki a cikinsa ba a cikin kwamfuta ba, don haka muryar ba ta zuwa yawo kafin ta dawo. 'Yan situdiyo sun daɗe suna musu a kansa, wasu su ce in ba ka da shi ba ka fara ba, wasu su ce asarar kuɗi ne. Baba ya jona shi, ya sa wa muryar abu biyu kacal, ɗan ɗumi da 'yar amsa-kuwwa. Ya kalli Yaya ta gilashi ya ce, "Shiru."

Yaya ya shiga kiɗan nan daidai kan gaɓa. Layi na farko idonsa a rufe, na biyu ya buɗe, kafin a kai amshi ya fara kaɗa kafaɗa irin yadda yake yi tun muna yara.  Na manta ba a kira ni ba na kama amshi daga bayan kujera, Baba ya ɗaga mini yatsa ba tare da ya waiwayo ba. Ɗauka ɗaya aka yi, tun daga fari har ƙarshe. Mai kiɗa ya tashi yana tsalle yana rungumar kowa, ni kuwa kuka nake ina dariya, kwalli duk ya zubo.

Da hayaniya ta lafa, mai kiɗa ya ce yau ɗin nan zai yi odar akwatin, kuma babban cikinsu zai saya. Wani da ya ga nasara irin wannan sai ya ce saya mana. Baba ya ce, "Juya kujerarka ka ba kwamfuta baya." Ya haɗa muryar Yaya sau biyu, ɗaya da filogin na akwati, ɗaya da na cikin kwamfutar mai kiɗan, ya kunna masa su a jere har sau biyar, ya ce ya nuna na akwati. Sau uku mai kiɗa ya nuna na kwamfutarsa, yana rantsuwa shi ne na akwati.

Baba ya ce, "Ka ji da kunnenka. In don haɗa sauti ne bayan an gama ɗauka, kwamfutarka ta ishe ka, ka riƙe kuɗinka. Kuma ka sani, ranar da ka manta akwatin a gida, filogin ɗinsa ko gaisuwa ba za su amsa maka ba. Amma in kana ɗaukar mutane, kuma akwai wanda sai ya ji muryarsa da ado kafin zuciyarsa ta saki, to sayi ƙarami, zai yi maka aiki. Don mai tsayuwa a keji ake sayensa, ba don hoto ba." Ƙarami mai kiɗa ya saya, kuma har yau kafin ya ɗauki kowa sai ya shiga keji ya sa hedifon.

Baba, kai ne ka yarda ka zama abin dariya a gaban yaranka don ka ji abin da wani yake ji. Kai ne mai kunnen da ba ya cin amana. Ka gyara muryoyin da suka gina gidaje, kai kuwa ko a jerin sunaye na ƙarshen fim ba kullum ake tunawa da kai ba, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Ka ce za ka ajiye ne tun kunnen bai fara yi maka ƙarya ba. Mun so mu hana ka, amma wa ya isa ya yi musu da kai a kan abin da kunne ya ji?

Ku kuma masu zama a gaban kwamfuta, da duk wanda aikin wani ke bi ta hannunsa, ku ɗauki wannan daga wurinsa. Kafin ku ce wa mutum ya ƙare, ku tashi daga kujera ku je ku tsaya inda yake tsaye.

Akwai abin da ba ka sani ba, Baba, kuma Yaya ya ba ni izinin faɗa. A safiyar nan da muka zo ɗaukarka, kafin ka fito, ya miƙo mini littafinsa na waƙoƙin da bai riga ya rera ba, guda arba'in, aikin shekaru. Ya ce in raba wa duk mawaƙin da na ga dama, kada su mutu a hannunsa. Duk abin nan da ake yi, littafin yana cikin jakata, ina riƙe da ita a ƙirji. Yaya ya fito daga keji, gumi na zuba. Hannu kawai ya miƙo, na sa masa littafinsa.

Talatin da ɗaya daga ciki sun fito, da muryarsa. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka kunnenka.