Maigadin da Jiya Ya Cire

Duk wanda ya taɓa kai wa Jiya gyara a Tunga ya san abu ɗaya: in fis ɗin motarka ya ƙone, ko kukan jini za ka yi ba zai ɗaura maka waya a madadinsa ba. Sai ka je ka sayo sabo. Direbobi suna ce masa mai taurin kai, wasu su ce wulaƙanci ne kawai na wanda ya ga ya iya aiki. Ni kuwa in na ji wannan surutu raina ɓaci yake, domin shekara goma sha tara rumfata ta faci tana jingine da shagonsa, kuma na san abin da ba su sani ba.

Jiya Banufe ne, iyayensa daga Bida suka zo. Aikinsa gyaran wayar mota, abin da muke ce wa riwaya. Siriri ne, mara magana, in yana aiki sai ka yi sallama uku kafin ya ɗago kai. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, don haka wansa Nma ne ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya yi masa aure. Har Jiya ya fara furfura, in Nma ya zo shagon ajiye abin da ke hannunsa yake ya durƙusa har ƙasa kafin ya gaishe shi. Ban taɓa jin ya kama sunansa ba, sai Yaya.

Nma direba ne a da, ƙato mai faɗin ƙirji da babbar murya. A shekarar 2004 ya yi haɗari a hanyar Bida, bayansa ya karye, ƙafafu suka mutu. Bai zauna ba. Ya sayi keken guragu mai tuƙi da hannu, kullum ya taso daga gidansa a unguwar Fadikpe zuwa Tunga inda ya kafa teburin sayar da katin waya. Abin da ya tsana a duniya shi ne a tura shi. Ya gwammace ya yi awa biyu a hanya yana haki da wani ya sa hannu a bayan kekensa. Na taɓa gwadawa sau ɗaya don neman lada, zagin da na sha har yau yana kunnena.

To, jiki ba ƙarfe ba ne. Bayan shekara bakwai kafaɗunsa suka gaza, hannun dama ko kofi ba ya iya ɗagawa da safe. Nan ne Jiya ya ce zai sa wa keken inji. Ya samo na wani babur mai lantarki da ya zo cikin kayan gwanjo. Ya bi shagunan masu gyaran kwamfuta yana tattara matattun batiran laftof, ya fasa su, ya zaɓi ƙwayoyin da ke da sauran rai, ya jera su cikin akwatin katako a ƙarƙashin kujera.

Injin bai ba shi wahala ba, batirin ne jidali. Yadda ya yi mini bayani, ƙwayoyin nan kamar 'yan gida ɗaya ne a kan kwano ɗaya: wani ya ƙoshi, wani bai ko fara ba. In aka ci gaba da ɗura wa wanda ya ƙoshi caji, zafi zai yi har ya kama da wuta. In kuma aka tatse mai rauni har ya ƙare tas, ya lalace ke nan, kuma shi zai fara kamawa da wuta a caji na gaba. Saboda haka ya zauna haɗa wani ɗan allo mai girman tafin hannu, wanda zai riƙa lura da ƙwayoyin, ya yanke wuta in wata ta cika ko ta kusa ƙarewa. Shida ya ƙona a gabana, ina yi masa dariya ina cewa ya koma riwayarsa tun bai ƙona mana layi ba. Na bakwai ya yi aiki. Ya sa masa suna Maigadi.

Wata goma sha huɗu Nma yana yawo da keken nan kamar wani hakimi. Wallahi na ji daɗi, don har tsohuwar dariyarsa ta dawo.

Sai ƙwayoyin suka fara tsufa. Wata Alhamis da rana, yana tsakiyar titi wajen tsallakawa, Maigadi ya ga wata ƙwaya ta kusa ƙarewa ya yanke wuta. Keke ya tsaya cak. Motoci suka yi ta hon, 'yan acaɓa suka yi ta zagi, daga ƙarshe wasu matasa suka ɗaga shi, shi da keken, suka dire a gefen kwata. Wata mata ta zaci bara yake, ta jefa masa naira ashirin a cinya.

Aka turo shi har shagon. Jiya ya durƙusa zai gaishe shi, Nma ya katse shi.

"Cire wannan abin, ka haɗa mini dairek."

Jiya ya yi masa bayani kansa a ƙasa, cewa Maigadi bai yi laifi ba, ƙwayoyi ne suka raunana, a ba shi mako guda ya nemo wasu. Nma ya ce jibi Asabar ne sunan jikansa na fari, wanda 'yarsa Rashidatu ta haifa, kuma ba zai je gidan surukai a kwaso shi kamar buhun gero ba.

"Ni na goye ka, Jiya. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ina tsaye riƙe da tiyub ina kallo. Da ma na sa baki. Amma wa zai shiga tsakanin wa da ƙani? Jiya ya ɗauki sukudireba, ya kwance Maigadi, ya rataye shi a ƙusa, ya haɗa wayoyin kai tsaye. Ya cika batirin a shago, hannunsa a kan akwatin yana jin ko zai yi zafi, har ya cika. Ya roƙi wansa abu biyu: kada a yi caji a gida, kuma a dawo da keken ranar Lahadi. Ya ce a aiko masa da cajar da ke gida ya ajiye. Nma ya harare shi ya tambaye shi ko yaro ya mayar da shi. Jiya bai sake maganar ba.

Suna ya yi kyau. Keken ma ya fi gudu, tunda babu mai tsayar da shi. Lahadi ta zo ba a kawo ba. Litinin Nma ya zo teburinsa, Jiya ya je ya durƙusa ya tuna masa, ya ce ya ji. Talata bai fito ba, caji ya ƙare. Na ce wa Jiya ya je ya ɗauko keken da ƙarfi mana. Ya ce ta yaya zai shiga ɗakin Yaya ya ɗauke masa ƙafafu? Ya ce ai kwana huɗu ke nan babu wuta a Fadikpe, kafin a kawo ya gama sabon batiri.

Kun dai san halinmu da wuta. Ba wanda ke jiran a kawo kafin ya jona. Komai a jone yake kwana, makunni a buɗe, don ko minti goma aka kawo kada ya wuce a banza. Matar Nma, Raliya, shekara guda tana jona keken nan kullum da safe kafin ta fita kasuwa. Babu wanda ya gaya mata an cire wani abu, domin Nma ba zai ce wa matarsa ya tilasta wa ƙaninsa ba. Ran Laraba ta jona kamar kullum ta tafi.

An kawo wuta wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Nma yana kwance a ɗaki, keken a bakin ƙofa daga ciki, inda yake ajiye shi don ya iya jan jiki ya hau. Tagar kuwa da ƙarafa. Maƙwabta sun ce sun ji ƙara kamar ana fasa ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, sannan hayaƙi. Kafin a fasa bango ta baya, Allah ya yi masa cikawa.

Lokacin da aka bugo waya, sabon batirin yana kan teburin Jiya a haɗe, ya ce bayan la'asar zai kai. Bai yi kuka ba. Ya dai zauna a ƙasa yana kallon ƙusar nan da ya rataye Maigadi, ni na kama hannunsa na ɗora shi a acaɓa. A wajen zaman makoki mutane suka yi ta cewa kayan lantarki ba amana, wasu a gefe suna cewa ɗan allon Jiya ne ya gaza. Bai gyara musu ba, kuma ya hana ni. Ya ce gara a zage shi da Raliya ta san hannunta ne ya jona.

Na ɗauka ya bar harkar ke nan. Ina. Bayan arba'in ya buɗe shago, kuma zuwa 2014 ya haɗa wa mutum biyar irin keken, har da wani tela da aka kawo daga Wushishi. Maigadinsa na yanzu ya fi na da wayo, sai ya yi ƙara ya rage gudu kafin ya yanke, don mutum ya samu ya kai bakin titi. Sai dai in ya gama, cikin akwatin batirin yake kwantar da shi, ya kwarara masa gam mai ƙarfi har ya daskare, ta yadda ba a cire shi sai an fasa komai.

Wata rana na gan shi yana zubawa, na ce masa ai masu kekunan nan ba su san ma inda abin yake ba, ina amfanin ɓarnar gam?

Har na juya zan tafi, sai ya ɗago kai.

"Ba don su nake zubawa ba, Ayuba," ya ce. "Don ni ne. In Yaya ya dawo yau ya ce in cire, cirewa zan yi."