Minti Uku Na Zabin Gwaggo

A shekarun da naira ta maye gurbin fam, ina koyarwa a firamaren Babban Duhu, ina zaune a gidan gwaggona, yayar mahaifina. Mace ce mai son sanin dalilin komai. In aka kawo mata tocila, sai ta kwance gindinta ta ga inda hasken yake fitowa. Da yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, abin da ya fi damunta shi ne ta kasa bambance tsakuwa da gero a faifai.

Aka ce mana akwai likitan ido da ke zuwa asibiti a Katsina lokaci-lokaci. Sau biyu muka hau motar kasuwa muka je, sau biyu aka ce bai iso ba tukuna. Kowace tafiya kan cinye mana kwana biyu. Hedimastanmu ne ya ce, "Me zai hana ka je gidan waya na Dutsin-Ma ka buga musu tarho, ka tambayi ranar zuwansa?"

Ni a littafi kawai na san tarho. Da na gaya wa Gwaggo, ta ce ƙafata ƙafarta.

"Idona ake magana a kai," in ji ta. "Kuma ina so in ji yadda mutum zai tsaya a Dutsin-Ma bakinsa yana Katsina."

Ta kama zabi biyu, muka sayar ran kasuwa, muka nufi gidan waya. Ma'aikacin wurin dattijo ne mai tabarau. Ya ce ana biyan kuɗin minti uku tun farko, in magana ta zarce a ƙara. Sai ya fara neman a haɗa shi da Katsina, mu kuma muka zauna a benci tun hantsi har azahar ta kusa. Gwaggo ba ta bar shi ya huta ba.

"Malam, wai me muke saye? Bakin nawa ne, kunnen nasu ne. Naku wanne ne a ciki?"

"Hanyar ce tamu, Inna."

"To in na yi raɗa, za a rage mini?"

Ya yi dariya, ya ce ko ihu ta yi kuɗin ɗaya ne.

Da aka samu layi ya miƙo mini kan tarhon. Muryar wata mata ta fito siririya kamar daga cikin tulu. Na ce ina neman sashen ido. Ta ce in dakata, na ji ta ajiye. Daga nan sai takun ƙafa, da kukan jariri, da ƙarar bokiti. Dattijon ya zuba wa agogon bango ido.

"Me suke cewa?" in ji Gwaggo.

"Ba komai. An tafi kiran nas."

"Shirun ma biya ake?"

Dattijon ya gyaɗa kai.

"To ba ni in ji abin da na saya."

Ta karɓa da hannu biyu ta kara a kunne. Ban manta fuskarta ba: ta buɗe baki kaɗan, idon nan mai hazo yana yawo a rufin ɗakin. Tana cikin haka nas ɗin ta iso. Gwaggo kuwa ba ta taɓa shiga magana da mutum ba gaisuwa ba. Ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi masu jiki da yara da mutanen gida. Dattijon ya ɗaga yatsa, minti uku sun ƙare. Na zaro abin da ke aljihuna na ajiye masa, ya ce ta ci gaba.

Sai a sannan ta ce, "'Yar nan, yaushe mai ido zai zo?"

Nas ɗin ta ce Alhamis ta sama, mu zo da sassafe da katinmu. Amsar duka ba ta kai numfashi biyu ba.

Abin da ya rage mana kuɗin motar komawa ne kawai. Da gyaɗar da ta ƙullo a bakin zane muka yi abincin rana. A mota ta yi ta juya zancen. Ta yarda tarho ya fi zuwa Katsina sauƙi, amma ta ce wanda ba shi da zabi fa, da me zai tambayi likita?

An yi mata aiki a ranar da aka faɗa, ido ɗaya ya buɗe tar. Bayan ta dawo, ita ta ƙirƙiro dabarar da muka daɗe muna bi. Duk mai tambaya ga asibiti sai ya zo zaurenmu, in rubuta a takarda, kowa ya kawo ɗan abin da ya samu. Ran kasuwa in je in karanto su a jere cikin kira ɗaya. Gaisuwa kuwa ta ce in yi guda biyu, kada in wuce, kada kuma in rage.

Wata rana wani tsohon makiyayi ya dage sai na sa tambayarsa, a kan saniyarsa da ta daina cin ciyawa. Na sa ta a ƙarshen takarda, ina jin kunya na karanta. Nas ɗin ta yi dariya har ta yi tari, sannan ta kwatanta mini ofishin likitan dabbobi, ta ce in yi wa makiyayin sannu da jinya.