Disket ta huɗu

Jama'a, ku ji abin da na gani yau.

Da farko, na kai wa Isaka mai gyara tsohuwar ordinatar marigayi Yaya Bulus, wato kwamfutarsa. A cikinta akwai wasan da ake danna linzami, maharbi yana neman gidan matsafi. Rahila, 'yar marigayin, ke son ƙarasawa daga inda babanta ya tsaya.

Na biyu, ordinatar ta tashi! Ga maharbi bakin ƙofa.

Na uku, allo ya nemi disket ta huɗu, wato faifan wasan. Babu!

Isaka ya ce, "Madam, wasa ɗaya ne aka zuba a disket da yawa." Mu kuwa ran rabon kayansa, kowa disket ɗaya muka ba shi.

Na kira Inna a Guna, don ta huɗun ita aka ba. Ta ce, "Tawa? Na fasa ta bara, ko zan ga hoton ɗana ciki. Baƙar leda ce kawai."

Rahila ta juya ga allo. Maharbi yana nan tsaye.