Kwana goma na jiƙo

Wata goma sha takwas na yi a ɗakin gwaji a Turai kafin furotin ɗina ya daskare ya zama ƙwayoyin lu'ulu'u, ƙanana kamar gishirin miya. Guda shida kacal suka fito. Aikin digirina shi ne in shigar da wani maganin ciwon barci cikinsu, a haska su da eksire a ga inda maganin ke kamawa. Shi kuwa maganin taurin kai gare shi, ba ya narkewa a ruwa. In an narkar da shi a sinadari mai ƙarfi, ƙwayoyin su tsage. Haka huɗu suka lalace.

Biyun da suka rage sai na sake musu dabara. Na ɗora ɗan garin maganin busasshe a gefen ɗigon ruwan da suke ciki, ya riƙa shiga a hankali. A lissafina kwana goma za su jure, bayan haka dole a ciro su. Cirowar kuma da ɗan siririn bututun gilashi ake yi, hannuna kaɗai ya saba da su.

Washegari aka aiko mahaifiyata ta rasu a garinmu Sokodé. Na taho da niyyar kwana uku.

Bayan sadakar uku na ɗauki jakata. Kawuna, wanda ke riƙe da gidanmu na unguwar Komah, ya tare ƙofa.

"Ina za ka? Ba a yi bakwai ba."

"Kawu, na bar aiki a jiƙe."

"Jiƙe? Wanki ne? Uwarka ce fa. Mutanen zango su ce me?"

Na ajiye jakar. Har yau ina jin haushin kaina, don ba tausayi ne ya zaunar da ni ba, kunyar mutane ce.

Kafin bakwai ɗin ta cika, yajin aiki ya game ƙasa, hanyar Lome ta toshe, sojoji da matasa kowa da shingensa. Wani direba ɗan Nijar ya ɗauke ni a kamiyonsa na ɗaukar kaya zuwa arewa, ko in sami jirgi ta Wagadugu. A Dapaong mai ya ƙare. Nan muka zauna mako biyu a tasha, ina ƙirga kwanaki da yatsa kamar mai jiran sallah.

Ranar da na samu waya a shagon wani ɗan kasuwa, na kira abokiyar aikina. Ta ce a kwana na tara ƙwayoyin sun rine sun zama rawaya, alamar magani ya shiga har ciki. Kowa a ɗakin ya zo ya leƙa su ta madubin ƙara girma, har shugabanmu. Babu wanda ya yarda ya taɓa, kada su fashe a hannunsa.

"Yanzu fa?" na tambaye ta.

Ta ce shekaranjiya suka ruguje, sai ruwan rawaya a ɗigon.

Dabarata ta yi, amma ba ni da hoto ko ɗaya da zan nuna. Na ajiye wayar ban yi mata sallama ba.