Ranar da Muka Manna Shimfiɗar Guga

Mu biyu muka sayi shimfiɗar, ni da Yaya, ana saura kaɗan sojoji su karɓi mulki. Ba uwarmu ɗaya ba. Ita ƴar Dandi ce daga Malanbil, ƙetaren gadar kan iyaka, ni kuma haihuwar Gaya. Ta girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce mata Yaya. Shago ɗaya muka haɗa a bayan kasuwa, keken ɗinkinta a dama, nawa a hagu, tabur ɗin guga a tsakiya. Kullum da safe takan hau kabu-kabu ta ƙetaro, da la'asar ta koma, kamar mai zuwa gona.

Bargon ƙyallaye muke ɗinkawa. Mu bi teloli mu kwashe ragowar atamfa, mu yanka, mu haɗa, mu sa auduga a tsakiya. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, masu kwana a layin duwan suna jiran a binciki kayansu, su ne masu saye. Rabin aikin nan guga ne, don kowane haɗi sai an danne shi ya kwanta kafin a ɗora na gaba. Tabur ɗinmu kuwa wani tsohon bargo muke shimfiɗa masa, ya yi ta zamewa yana tattarewa ƙarƙashin dutsen guga, ni kuma in yi ta zaginsa. Yaya ce ta gaji da jin bakina. Wani mai kawo kaya daga Kwatano ya nuna mata shimfiɗa mai kauri, launin toka, bayanta duk danƙo an rufe da takarda. Ya ja mana kunne cewa aikin hannu huɗu ne, ɗaya na ɓare takarda ɗaya na shafawa, kuma in ta kama a karkace, ta kama ke nan.

Muka jingine ta a lungu, muka ce sai mun sallami aikin da ke hannunmu. Ba mu sallame shi ba aka rufe gada. Aka gicciya manyan akwatunan ƙarfe a kanta, sojoji suka tsaya. Wutar da ke zuwa daga Nijeriya ta ɗauke, na koma dutsen guga na gawayi irin na kakata. Kamyoyi suka maƙale a wancan gefe, layin duwan ya zama filin awaki. Sai in wuni a shago ba wanda ya leƙo ko da tambayar hanya.

Rashin ciniki bai dame ni kamar kekenta da ke rufe da zane ba. Abin da nake tsoro shi ne kada ta ƙi dawowa. Mutane sun fara ƙetarawa da kwalekwale, wata rana sojoji su kau da kai, wata rana su kore su. Amma tun da wani kwalekwale ya kife da mata ƴan kasuwa, mijinta ya hana ta shiga ruwa. Mukan yi magana ta telefon, muryarta na yankewa. Kullum takan tambaya ko na taɓa shimfiɗar, in ce tana nan tana jiranta.

Maigidana ya ce in kira matar maƙwabci ta kama mini mu manna, tunda ba sirdin doki ba ne. Na ce masa ya ji da abin da ya dame shi. Ya yi dariya, ya ce wai na mai da naɗin tsumma kishiyar zuciyata. Ban kula shi ba. Ni dai na san in na manna ta da wata, na yarda ke nan Yaya ba za ta dawo ba.

Damina ta wuce, zafi ya zo ya gasa mu, wata daminar ta sake shigowa. Wata safiya ina hura gawayi sai na ji sallama da wannan Hausar tata mai karkata. Ga ta tsaye, bakin zanenta jiƙe da laka, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. A bayanta akwai ƙanen mijinta, magidanci marar fara'a, ya gaishe ni sama-sama ya ce zai shiga kasuwa ya dawo. Na rungume ta ina kuka ina faɗa, ina cewa ai da ta bari sai na mutu ta zo gaisuwa.

"Bari surutu, ƙanwata," in ji ta. "Ɗauko abin nan mu manna tun da sauran sanyi."

Ko ruwa ba ta sha ba. Muka yaye tsohon bargon, muka kankare tabur da wuƙa, muka goge da ɗanyen tsumma, muka jira ya bushe. Ta auna, ta yanke abin da ya yi yawa da almakashi. Da muka warware naɗin sai muka ga zafin Gaya ya yi aikinsa. Danƙon ya narke ya sake daskarewa, takardar ta ƙi ɓaruwa sai gutsure-gutsure. Ta riƙa tsintar ta da farce, ni ina bin baya da gindin kwano ina shafawa daga tsakiya zuwa baki.

"A hankali," ta ce. "Ke komi naki da gaugawa. Kin ga ya karkace."

"Idonki ne ya karkace, Yaya. Ja naki gefen."

Ta ja, ya miƙe. Iska ta maƙale a wuri guda ta yi ƙulu kamar maruru, ta soka allura, na danne da babban yatsa har ya kwanta. Wata kusurwa ta ƙi kamawa, muka ɗora mata dutsen niƙa. Muna yi muna faɗa irin namu na da, har na ji ina dariya da ƙarfi, abin da na daɗe ban yi ba. Da muka gama ta shafa tafin hannunta daga wannan baki zuwa wancan, ta sake shafawa. A raina na ce shi ke nan, wahala ta ƙare, gobe ma za ta zo.

Sai ƙanen mijin ya dawo da buhu biyu da igiya. Ya yaye zanen da ke kan kekenta ya durƙusa ya fara kwance kan keken daga ƙafarsa. Na dubi Yaya. Ita tabur take kallo.

Ya ce wansa ya ce a kwaso rabonta na komai, zare da ƙyallaye da almakashi, har da sabuwar shimfiɗar da aka ce an saya tare, a raba ta biyu. Yaya ta nuna masa tabur da haɓa.

"Ga ta nan. In kana iya ɓarewa, ɓare."

Ya sa farce a baki ya ja, ko motsi ba ta yi ba. Ya yi tsaki ya koma kan buhunsa. Nan na gane dalilin da ya sa ta ƙi shan ruwa, ta ƙi zama. Raina ya ɓaci, ban san ko da ita nake fushi ba ko da shi ko da masu bindigar da ke kan gada.

"To, tahi da keken," na ce. "Ki yi ta ɗinki can. Ran da aka buɗe sai ki maido shi, wurinki na nan."

Ta sake shafa shimfiɗar. Sannan ta ce kasuwar Malanbil ta mutu, mijinta ya sayar da rumfarsa, ya samu wuri a Faraku wajen danginsa. Kayansu ma sun riga sun yi gaba.

"Ko an buɗe, ƙanwata, ba mu nan."

Na raka su har inda sojoji ke tsayar da masu rakiya. Ta ɗora kan keken a ka, ta riƙe hannuna ta ce mini fofo, godiyarsu ta Dandi, ta ce in yafe mata. Na ce ba ta yi mini komai ba. Ta saki hannuna. Suka gangara cikin laka wajen masu kwalekwale, ni kuma na juyo.

Bayan wani lokaci, ina tsaye ina danne haɗin wani bargo da ban san wanda zai saya ba, matar maƙwabci ta faɗo shago tana haki. Wai an ji a rediyo za a buɗe gada, duk unguwa ta fita, in zo mu je mu gani. Na ce mata ta je, Allah ya sa gaskiya ne. Na buɗe dutsen guga na ƙara masa gawayi.